Motar Asibiti a Ƙofar Sito

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Motar asibiti ta zo ƙofar sitonmu ɗazu. Ina tsaye a tagar ofis na ga direban ya leƙo yana tambayar maigadi ina marar lafiyar yake. Maigadi ya ce nan babu marar lafiya, sai kwalaye. Ma'aikacin jinya ya sauko ya nuna masa allon da ke hannunsa, ya ce ga adireshi nan, daga nan aka kira lambar gaggawa. Aka zagaya da su cikin sito, har bayan kantocin ajiya. Ba kowa. Suka tafi suna mitar marasa aikin yi da ke wasa da waya.

Mun yi dariya, har da ni. Auta ne kaɗai bai yi ba. Yana rungume da kwali zai sa a mota, ya tsaya haka yana bin motar asibitin da ido har ta sha kwana. Ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma shi ne shugaban masu haɗa akwatunanmu a gidajen mutane. Na san tsayuwarsa ta gajiya. Wannan ba ita ba ce.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Oga ya kira ni ofishinsa, na tarar da Lauya zaune. Aka rufe ƙofa.

Lokacin da nake gidan jarida, editana yakan ce kada in rubuta labarin da ba zan iya bayyana wa Innata ba. Yanzu ni ce bakin kamfani, amma ɗabi'ar ba ta sake ni ba, don haka bari in shimfiɗa wa kaina abin a fili.

Mu ƙaramin kamfanin waya ne, ba mu da ƙarfin kafa turakun sabis ko'ina. Gidan da sabis ba ya shiga, sai mu ba shi ɗan farin akwati mai girman littafi, a jona shi da intanet ɗin gidan, ya zama ƙaramin turke a falo. Babbar na'urar da ke juya akwatunan ba tamu ba ce. Haya muke, mu da wasu ƙananan kamfanoni biyu, masu jan tambari da masu kore, a wajen wani kamfani da muke kira masu masauki. Gidan haya ne mai rijiya ɗaya. Kowane akwati yana da adireshinsa a na'urar masu masauki, kuma idan wani ya kira lambar gaggawa ta cikinsa, wannan adireshin ne ke bayyana a gaban masu karɓar kira.

Wanda ya kira jiya tsohon malamin makaranta ne da ke zaune shi kaɗai. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ya iya danna lamba, bai iya magana ba. Akwatinsa yana ɗauke da adireshin sitonmu. 'Yarsa ce ta same shi a ƙasa da yamma, yanzu yana asibiti.

Lauya ya ce, "Madam, wa ke kunna akwatunan nan?"

Na ce ya san amsa.

Ya ce, "Tambaya kawai na yi."

Ba a kira Auta taron ba.

Alhamis, da safe

Oga ya ce in shirya sanarwa ko da 'yan jarida za su ji. Na rubuta cewa an samu matsala wajen adireshin wani akwati, muna bincike tare da abokan aikinmu. Gaskiya ce, iyakar wadda na sani.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Mun haɗu a gidan Inna. Sai da ta shiga ɗaki na samu na ritsa shi a bakin famfo yana wanke hannu.

"Auta, ya aka yi adireshin sito ya hau akwatin malamin?"

"Yaya ce ke tambaya ko kamfani?"

Bai taɓa yi min irin wannan tambayar ba. Na ce Yaya ce.

Ga abin da ya ce. Kafin akwati ya fara aiki, dole a kira ofishin masu masauki su buɗe masa hanya. Layin waya ɗaya suke da shi na kamfanoni uku. In ka ce sai ka je gidan mutum za ka kunna, za ka iya share rabin wuni a falon mutane kana jiran layi, matar gida na kallonka, yara na hawa jakar kayanka. Saboda haka kowace safiya sai su jera akwatunan ranar a kan dogon teburin sito, su kira sau ɗaya, a buɗe duka, sannan su loda a mota. Na'ura kuwa inda aka fara kunna akwati, nan take ɗauka gidansa. Daga baya mutanen masu masauki ne ke gyara adireshi.

"Wa ya ce su za su gyara?"

"Dogo."

Dogo shi ne injiniyan masu masauki da ke kula da mu.

"A rubuce?"

"Haba Yaya. Wa ke rubuta irin wannan? A tsaye ya faɗa, yana shan shayinmu. Kuma ba mu kaɗai ba, masu ja da masu kore duk a tebur suke kunnawa."

Na ce masa na ga yadda ya tsaya ran Talata. Ya ɗauki tsumma ya goge hannu yatsa bayan yatsa, ya ce yana ganin motar ya tuna da tebur. Na tambaye shi ko ya taɓa dubawa ya ga ana gyara adireshin da gaske. Inna ta fito a daidai nan, ya juya ya karɓi tiren hannunta da sauri kamar ba a taɓa ba shi aiki mai daɗi irin wannan ba.

Litinin, tsakar rana

Dogo ya zo. Kullum da kwamfutarsa yake yawo a goye kamar jariri, yau hannu na dukan cinya ya shigo. Ya gaishe ni da fara'a fiye da yadda ya saba, har yana tambayar yara.

A gaban Oga da Lauya ya ce shi bai taɓa jin maganar tebur ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu masauki muka ba ku. In baƙo ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kwana, ai ba laifin mai gida ba ne."

Oga ya yi murmushi. Ban ji daɗin murmushin ba. Kwantiraginmu da masu masauki saura shekara biyu, kuma babu wani masaukin da za mu iya komawa. Mutum ba ya faɗa da mai rijiya da rani.

Da zai fita ya bi ta ƙofar baya, wadda ba ta bi ta gaban sito.

Talata, ƙarfe takwas na safe

A hanyar kai yara makaranta na ga motocin masu jan tambari har uku a unguwanni daban-daban, tun kafin lokacin fitarsu. A ƙofar wani gida na ga ma'aikacinsu ya fito riƙe da waya a kunne, ba kwali a hannunsa, ba tsani. Ba haɗa sabon akwati suke yi ba. Bin tsofaffi suke yi gida-gida.

Ba mu fitar da sanarwa ba tukuna. Jarida ba ta ji ba. To wa ya gaya musu su shafa wa gemunsu ruwa?

Talata, da yamma

Na kira Auta, matarsa ta ɗauka, ta ce yana wanka. Na sake kira bayan sa'a guda, ta ce ya fita.

Laraba, ƙarfe goma

Sanarwata ta dawo daga ofishin Lauya. An soke "an samu matsala", an rubuta "sakamakon sakacin wani ma'aikaci". Biron na Lauya ne, amma kalmar sakaci ta Oga ce, ita yake jifan direbobi da ita.

Na hau sama na ce ba a gama bincike ba. Lauya ya ce, "Madam, ba mu ambaci kowa ba." Na ce masu karatu ba jarirai ba ne. Ya ce in ajiye tukuna, babu gaggawa.

Sakatariya ta daina kawo min hirarta ta safe. Da can sai na kore ta. Yau na wuce ta gaban teburinta, ta kife wata takarda. Mai yiwuwa takardar hutunta ce. Na rubuta wannan ne don in tuna wa kaina cewa ban ga abin da ke ciki ba.

Alhamis, ƙarfe biyu

Malamin ya rasu da safe.

Juma'a, da yamma

Lauya ya ce kada kowa ya je gaisuwa da sunan kamfani, za a ɗauka amsa laifi ne. Oga ya gyaɗa kai. Auta ya fita aiki da wuri, motarsa ba ta dawo ba har na tashi.

Lahadi, ƙarfe huɗu

Inna ta ji. Ban san ta bakin wa ba.

Ta ce, "Ke 'yar jarida, ba ke ke rubuta musu ba? Ki rubuta cewa ba shi ba ne mana."

Na ce ba haka aikin yake ba. Ta ce ita ba ta san aiki ba, amma ta san ta haifi biyu, ɗaya na riƙe da biro, ɗaya ana shirin yanka shi. Ta ce yaron nan ko kaza ba ya iya kallon ana fige ta, yanzu a ce shi ya kashe tsoho? Da wane ido zai shiga unguwa? 'Ya'yansa a makaranta fa?

Yaron nan ya haura talatin da biyar, yana da furfura a gemu. 

Abin da na sani: a tebur aka kunna akwatin. Abin da aka ce min: Dogo ya yi alkawarin gyara. Abin da ban sani ba ya fi yawa, kuma ɗaya daga ciki ina tsoron tambaya.

Litinin, ƙarfe sha biyu

'Yar malamin ta zo. Mata ce mai natsuwa, za ta kai sa'ata, ma'aikaciyar ɗakin magani. Aka turo ta wajena saboda ni ce mai magana da jama'a. Ta zaro akwatin daga leda ta ɗora a kan teburina, da igiyarsa a naɗe tsaf.

Ta ce, "Ni na saya masa. Gidan bangonsa kauri gare shi, in zai kira ni sai ya fita titi. Na ce Baba ka huta da fita, ga sabis har gadonka."

Na yi mata gaisuwa, da sunana, ba da sunan kowa ba.

Ta ce ba ta zo rigima ba, so take ta ji wanda zai ce mata ga abin da ya faru. Ta ce wanda ya zo haɗawa mutumin kirki ne, har ya gyara wa babanta soket ɗin fanka bai karɓi komai ba, babanta ya yi ta yabonsa. Ta tsaya kamar tana jiran in tambaye ta kamanninsa. Na tambaye ta ko in kawo mata ruwa.

Lauya ya shigo da sauri, ya ce za mu karɓi akwatin don bincike. Ta dube shi sama da ƙasa, ta mayar da abinta cikin leda, ta ce a hannunta zai zauna.

Na ji daɗin haka. Ban tabbata don wa na ji daɗin ba.

Talata, ƙarfe uku

Hukumar sadarwa ta aiko. Suna son bayaninmu ranar Juma'a, da jami'in da alhaki ke wuyansa.

Oga ya ce, "Madam, kwantar da hankalinki. Ba suna za mu sa ba, muƙami kawai. Shugaban sashen haɗawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ke da wannan muƙamin."

Ya ce ya san da ciwo, shi ma yana da ƙanne. Ya ce akwai ma'aikata da iyalansu da ke ci a kamfanin nan, in muka nuna masu masauki da yatsa, su rufe mana hanya, kowa ya tafi gida. Ya ce ba za a wulaƙanta Auta ba, za a sallame shi da mutunci.

Ya ce in kawo rubutun ranar Alhamis da yamma. Ni zan rubuta.

Talata, da yamma

Na rubuta layin farko sau da yawa. Duk yadda na juya shi, tsoho ya mutu, ƙanena ne sanadi.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na sha shayi da tsohon editana a wani shago kusa da tashar mota. An daɗe ba a haɗu ba. Ya tsufa, gwiwa na damunsa, amma idon nan nasa na nan. Mun yi hirar tsadar takarda, da yaran yanzu da ba sa son fita neman labari sai a waya.

Da za mu rabu ya tambaye ni ƙarfe nawa kamfanoni irin namu ke buɗe sito da safe, da kuma ko tagoginsu na kallon titi. Tambayoyi ne da kowane maigadi zai iya amsawa.

Ni na biya shayin.

Alhamis, da safe

Wani mutum da kyamara a tsallaken titi, gefen mai gyaran taya. Ban tsaya a taga ba.

Alhamis, da yamma

Na kai wa Oga rubutun kamar yadda ya ce. Ya karanta, ya ce hannuna bai mutu ba.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Shafin farko. Hotuna uku a jere: teburin masu ja, teburin masu kore, teburinmu, kowanne da fararen akwatuna fitilunsu na ci. Wato duk bin gidajen da masu ja suka yi, ba su fasa tebur ba. Labarin ya ce haka kamfanonin uku ke yi tun farko, saboda layi ɗaya da masu masauki suka tanada, kuma wani tsohon ma'aikacin masu masauki ya tabbatar an san da haka a can. Wannan mutumin ban san shi ba. Edita ya yi aikinsa.

Ba sunan Auta, ba muƙaminsa.

Juma'a, da rana

Kafin azahar hukuma ta ce mu dakata da bayaninmu, ta kira masu masauki da kamfanonin uku gaba ɗaya. Rubutuna na jiya yana cikin aljihun teburin Oga. Ban ga ya yaga shi ba.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Masu masauki sun buɗe layuka uku. An ce an mayar da Dogo wani reshe, wasu sun ce hutu ya tafi. An fitar da dogon teburin daga sito, yana jingine a bango ƙafafu sama. Ma'aikatanmu sun bazu gidaje suna gyara adireshi.

Ya kamata in ji sanyi. Amma masu masauki sun ce ba za su zauna da mu ba sai sun san bakin da ya kai maganar waje, don wai daga gidanmu ta fita. Lauya yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya kira maigadi, ya kira direbobi, ya kira sakatariya, ta fito ido ja.

Ni bai kira ni ba. Shekara goma sha biyu na yi a jaridar nan, kowa ya sani, amma bai kira ni ba.

Laraba, da rana

A taro Lauya ya ce shi tambaya biyu yake yi a irin wannan: wa ya san zancen tebur, kuma wa ya tsira da fitarsa. Kowa ya sunkuyar da kai. Oga yana wasa da murfin biro. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Madam, ke kam 'yar gida ce."

Na buɗe baki. Ya riga ya koma kan batun man motoci.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Su Lauya sun shiga ofis da Auta, ba su daɗe ba. Ya fito ya ajiye makullin mota a teburin maigadi, ya tari ɗan acaɓa.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na same shi a tsakar gidansa ya kwance fanka yana wanke fukafukanta. Matarsa ta kawo min kujera ta koma ciki ba tare da ta zauna ba.

Na ce, "Me ka ce musu?"

"Sun tambaye ni ko ni na kira jarida. Na ce su rubuta abin da suka ga dama."

"Auta, ba kai ba ne."

"Na sani mana. Ni ina na san edita? Ko lambar mai sayar da jarida ba ni da ita." Ya yi dariya, karo na farko cikin makonnin nan. "Miƙo min sukundireban nan, Yaya."

Na miƙa masa. Na ce ranar Litinin zan hau wajen Oga in faɗa masa.

"Ki ce me? Su kore ki, sannan su tuna ba su gama da ni ba? Waccan takardar da kika rubuta tana nan, ai an karanta min ita." Bai ɗago ba. "Kin iya rubutu, wallahi. Ni kaina da na ji sai da na yarda ni ne."

Na ce dole aka sa ni.

"Ban ce komai ba. Ki bar shi haka. Aiki zan samu, masu kore ma sun yi min waya. Gara a ce bakina ya yi tsawo da a ce hannuna ya kashe tsoho. Wannan zan iya gaya wa yarana."

Ya ɗaura fukafukin ƙarshe, ya jona fankar, ta juya. Ya ce kada in gaya wa Inna komai sai ya fara sabon aikin. Ya raka ni har mota, ya rufe min ƙofa da kansa, ya ce in lura da tayar baya, iskarta ta yi ƙasa.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Oga ya ce in rubuta wa ma'aikata sanarwar tafiyar Auta, layi biyu. Na rubuta cewa ya ajiye aiki, kamfani na gode masa. Na hau da ita da kaina. A kan matakala ina ta shirya abin da zan faɗa duk da haka.

Ya sa hannu bai karanta ba. Ya miƙo min, yana duban wata takarda daban, ya ce, "In kun sake haɗuwa, ki gaishe min da tsohon editanki."

Na ce zai ji.